Rigar Bango: Yadda Kara Da Dutsen Malbaza Za Su Iya Raba Rumfunanmu Da Zafin Tol

Duk wanda ya taɓa wuni a cikin butik na tol a kasuwar Birnin Ƙonni tsakanin Afrilu da Mayu ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ake kira zafi. Tun kafin azahar rufi ya ɗauki wuta, zuwa la'asar bangon yamma ya karɓa, sai mai kaya ya fito ya raɓe a inuwar maƙwabci ya bar hajarsa a ciki tana dahuwa. A irin waɗannan watanni ma'aunin zafi a yankinmu kan haura digiri 40 a inuwa, shi kuwa tol ɗin da rana ta daka kai tsaye yakan wuce digiri 60. A ranar 3 ga Afrilun 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, an auna digiri 48.5, kuma mu ma nan Adar mun ɗanɗani rabonmu na wannan bazara.

Mutum ya iya gudu ya nemi inuwa, amma kaya ba su da ƙafa. Man shafawa ya narke ya rabu gida biyu, alewa ta manne da ledarta, turare ya rage ƙarfi, batir ya mutu tun yana cikin kwali. Masu sayar da magani kuwa su duba jikin kwalayensu, akasari an rubuta kada a ajiye a wurin da zafinsa ya wuce digiri 25 ko 30. Wannan asara ce da ba a rubuta ta a littafin bashi, domin ba wanda ya ci kuɗin, amma ƙarshen wata ana ganinta a cikin jari.

Shi ya sa a wannan karo muka ga ya dace mu tattauna da ku, ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, a kan wani kayan gini da ya fara cika rumfunan masu sayar da siminti da fenti, wato allunan da ake liƙa wa bango ko a yi silin da su. Marasa nauyi ne, suna da ado, kuma cikin yini guda kafinta ya gama kafa su. Masu tallarsu suna cewa suna hana zafi. Wasu suna hanawa da gaske, wasu kuwa kwalliya ce kawai, har akwai waɗanda haɗarinsu ya fi amfaninsu.

Me ke tare zafi?

Ba kauri kaɗai ke tare zafi ba, kuma ba ƙarfi ba. Abin da ke tare shi ita ce iskar da aka kulle a cikin ƙananan ramuka ta kasa motsi. Ku fasa karan dawa ku dubi totuwar da ke ciki, fara ce sakayau, cike da ƴan ƙofofin iska. Wannan ita ce hikimar da ke cikin farin soson nan da ake naɗe firji da talabijin a cikin kwali, kuma ita ce ke cikin jinkar kakanninmu. Masana gini sun auna sun ga zafi yana ratsa ƙarfe kusan sau 1,000 fiye da yadda yake ratsa busasshiyar ciyawa da aka danne, yana kuma ratsa kankaren siminti fiye da sau 20.

Ashe ke nan lokacin da muka sauke jinka muka ɗora tol, muka rushe tubali muka jera bulo, mun sayi ƙarko da tsaro daga ɓarawo, amma mun sayar da sanyi. Ba mu ce a koma baya ba. Wanda ya zuba jarin miliyoyin sefa a rumfa ba zai kewaye shi da zana ya tafi gida ya yi barci ba. Maganar ita ce a bar tol da bulo a waje su yi gadi, a yi wa ɗakin riga daga ciki.

Mu ma'aikatan rediyo mun daɗe da sanin rigar bango, domin ɗakin da muke magana a ciki lulluɓe yake da alluna masu laushi don kada ƙarar babura ta shigo cikin shiri. Abin da ke shanye ƙara sau da yawa yana rage zafi, to amma ba kullum ba, don haka kada mai talla ya haɗa muku biyun a farashi ɗaya.

Abin da ake kawo mana

Kaya iri huɗu ne suka fi yawa a hannun masu kayan gini daga Ƙonni har Sakkwato. Na farko shi ne allon roba da ake kira PVC, dogaye masu sheƙi da ake saƙala bakin wani cikin na wani. Ba ya jin ruwa, gara ba ta cinsa, ana goge shi da tsumma, shi ya sa masu aski da masu sayar da waya suke ƙaunarsa. Sai dai siriri ne ƙwarai. In an yi silin da shi yana rage wani abu, domin ya raba kai da tol, amma idan aka manna shi a jikin bango mai zafi ba tare da an bar fili ko an cusa wani abu a bayansa ba, kyau kawai aka saya.

Na biyu shi ne soson nan mai gam a baya, mai zanen bulo, wanda ake ɓare takardarsa a manna. Amare sun karɓe shi hannu bibbiyu saboda arha da sauƙi, ko yarinya ta iya liƙa shi. Kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba, kuma a bangon da ke yin zafi gam ɗin kan saki, gefuna su fara naɗewa.

Na uku shi ne tol mai ciki, wato falle biyu na ƙarfe da soso mai kauri a tsakani, irin wanda ake gina ɗakunan sanyi na kifi da magani. Wannan kam yana tare zafi sosai, ba gardama, amma kuɗinsa ba na mai tebur ba ne.

Na huɗu shi ne aikin farin gari da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira POP, wanda ake kwaɓawa da ruwa a zuba a ma'auni, ya daskare ya fito da fure ko zane. Shi ne muke so ku riƙe a zuciya, domin asalinsa yana ƙarƙashin ƙafafunmu.

Akwai kuma wani tsohon kaya da ya kamata a yi hattara da shi, wato allon silin na asbestos da aka yi yayi a da. In kun gaji rumfa mai irinsa, kada ku bari yaro ya yanka shi da zarto ko ya fasa shi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa tana jawo ciwon daji a huhu.

Yawancin waɗannan kaya daga waje suke zuwa, wasu ta bakin iyakar Illela ta Najeriya. Mun kuwa ga abin da rufe iyaka ke yi wa farashi, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A karo na biyun har wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya aka yanke, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita. Wanda ya dogara da fanka kaɗai ya ji jiki. Rigar bango kuwa ba ta neman mita, ba ta san an ɗauke wuta ba.

Maganar gobara

Nan ne ya kamata mu tsaya mu yi dogon numfashi, domin kasuwa ba gida ba ce. Rumfa tana jingine da rumfa, wayar wuta ta ratsa ta kan atamfa, mai shayi na nan, mai fetur a kwalba na can. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na wannan shekarar. Ba ɗan kasuwar Ƙonni da bai san wani da ya yi asara a ɗaya daga cikinsu ba.

Farin soso in ya ji wuta narkewa yake yi, ya riƙa ɗiga yana ci, ya kai wutar inda ba ta kai ba. Allon PVC kuwa hayaƙinsa baƙi ne mai guba, yana ƙona ido da maƙogwaro, wanda ya shiga ceton kaya ya iya faɗuwa tun kafin harshen wuta ya taɓa shi. Kada ku ce wannan matsalar talaka ce. A birnin Landan, ranar 14 ga Yunin 2017, wani dogon bene mai suna Grenfell ya kama da wuta, mutane 72 suka rasu, kuma bincike ya nuna allunan ado masu roba a ciki da aka lulluɓe benen da su ne suka kai wutar sama cikin ɗan lokaci.

To, in haka ne sai mu ce a koma ga zana? Ita ma tsirararta ba ta da amana. Ba mu manta da Afrilun 2021 ba, lokacin da azuzuwan zana suka kama wuta a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, haka kuma a Maraɗi cikin Nuwamban wannan shekarar, inda aka rasa fiye da yara 20. Allah Ya jiƙansu. Darasin da magina suka sani tuntuni shi ne, ciyawa tana ci ne in ta samu iska. In aka danne ta da ƙarfi aka shafe fuskarta da yaɓe, wuta takan daɗe tana lasa kafin ta samu hanya. Saboda haka allon da ya dace da kasuwa dole ya zama mai ciki biyu: ciki mai riƙe iska, fuska wadda ba ta ci.

Dutsen da muke sayarwa da arha

Tun 1966 kamfanin siminti na Malbaza ya fara aiki, da ƙarfin tan 40,000 a shekara. A ƙarshen 2018 sabon kamfanin ya fara fitar da siminti da ƙarfin tan 650,000 a shekara, daga baya kuma wani ya tashi a Badagishiri cikin gundumar Illela. Ba banza aka zaɓi yankin nan ba, ƙasar ce ke da farin dutsen da ake gasawa, tana kuma da wani dutse mai ƙyalli kamar gilashi da ake kira jifsum, wanda mutanen ƙauyuka, har da mata da yara, suka daɗe suna tona da hannu a yankunan Malbaza da Madawa da Buza da Keita suna sayarwa. Kamfanin siminti yana bukatarsa kaɗan ne, abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, don kada siminti ya daskare tun yana kan shebur.

Wannan jifsum shi ne uwar POP. Kafin a samu siminti sai an hura tanderu ya kai digiri 1,450, aikin da sai babban kamfani. Shi kuwa jifsum, in aka daka shi aka gasa a zafin digiri 150 ko kusa da haka, ya zama garin da ake so. Hajiya mai ƙosai, man da kike suya da shi ya fi haka zafi. Bugu da ƙari, idan garin ya sha ruwa ya daskare, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikinsa. In wuta ta taso, sai ta fara ƙone wannan ruwa ya fita a matsayin tururi kafin zafi ya ratsa zuwa baya. Dalilin da ya sa ke nan a Turai da Amurka ake raba ɗakuna da allon jifsum.

Abin takaici, ana tona dutsen nan a bayan gari a sayar da shi ɗanye, mu kuma mu je mu sayi buhun garinsa da aka yi wa dakon ɗaruruwan kilomita aka biya masa duwan.

Wasu sun riga sun gwada

Haɗa ciyawa da matsi don a yi allo ba sabon abu ba ne. Tun cikin shekarun 1930 aka ƙirƙiro dabarar a ƙasar Suwidin, inda ake danne karan alkama da zafi har ya manne da kansa, a lulluɓe shi da takarda mai kauri. A Ingila an yi gine-gine da yawa da shi da sunan Stramit, kuma a Kigali ta ƙasar Ruwanda wani kamfani mai suna Strawtec ya kafa masana'antar irinsa. A Senegal da Muritaniya kuwa, kacalla ce ta toshe musu hanyoyin ruwa, irin wadda ta addabi manoman Hadeja da Nguru, sai aka kafa wani shiri mai suna TyCCAO don a mai da ita gawayi da kayan gini, ciki har da alluna na kacalla da laka masu tare zafi.

Ba ma sai mun haye teku ba. Duk wanda ya je Yama a yankin Badagishiri ya ga masallacin da Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, nan cikin gundumar Illela, ƴar ƙasarmu mai zanen gine-gine Mariam Issoufou, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa da tubalin jar ƙasa da aka matsa da inji, aka gama a 2018. Ita Mariam ɗin ce ta zana kasuwar garin, inda rumfunan suke na tubalin ƙasa, inuwar kuma ta faya-fayan ƙarfe masu launi da aka ɗaga sama, wani ya fi wani tsawo, don iska ta riƙa wucewa. Mu lura, ba ta ƙi ƙarfe ba. Nesa ta yi da shi daga kan mutane, ta bar wa zafi hanyar fita.

Sai dai Dandaji sabon gini ne daga tushe. Mafi yawan masu karanta mu haya suke yi, rumfar ta mai gida ce ko ta ma'aikatar magajin gari, ba su da ikon rushe bango, kuma ba wanda zai zuba kuɗinsa a ginin da gobe za a iya cewa ya tashi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa allo ya fi yaɓe dacewa da ɗan kasuwa: dukiya ce da ake kwancewa a ɗora a amalanke a tafi da ita.

Allon da muke nema

A ganinmu, ga siffar abin da ya kamata kafintocinmu da masu aikin POP da masu saƙar zana su haɗa kai su fitar. Girmansa kada ya wuce santimita 60 a faɗi da 120 a tsawo, yadda mace ɗaya za ta ɗauka ba sai ta kira ƴan dako ba, ya kuma shiga ƙofar butik ba tare da an karkata shi ba. Firam na katako siriri, a cika cikinsa da kara ko gamba ko ɓuntun shinkafa da aka busar sarai aka danne, kaurin yatsu uku zuwa huɗu. Fuskar da ke kallon ɗaki a shafe ta da jifsum, bayan ma a shafe ko da sama-sama ne, kada a bar ciyawa a buɗe ko ta gefe. A kafa shi da noti a kan sanduna biyu da aka ɗaure a bango, ba da gam ba, a bar ɗan fili tsakaninsa da tol.

Ado kuwa ba sai mun aro zanen bulon Turawa ba. Jifsum yana karɓar duk siffar da aka zuba shi a ciki. Dagi, da zanen da ke jikin gidajen Birni a Damagaram, da na ƙwaryar Adar, da na faifan da iyayenmu ke jerawa a bangon ɗaki, duk ana iya sassaƙa ma'auninsu sau ɗaya a yi ta bugawa. Fari ne kuma tun asali, yana ƙara wa rumfa haske, atamfa ta fito da launinta.

Ga lissafi mai sauƙi. Rumfa mai mita 3 a kan mita 3, silin ɗinta mita murabba'i 9 ne, wato allo 13. Bangon yamma mai tsawon mita 2 da rabi zai ci 11. Jimla 24. Wanda ba shi da kuɗin duka ya fara da sama, domin daga rufi mafi yawan zafi ke saukowa, kuma yi wa bango riga a bar tol tsirara kamar sa babbar riga ne a fita ba hula da tsakar rana. A bar ƙofar iska tsakanin silin da tol ta gefe biyu, a sa mata raga saboda ɓera. Wanda ya ƙara da shafa farin fenti a bayan tol zai ji bambanci tun ranar. Wayar wuta kuma a zura ta cikin bututu, kada ta kwanta a kan allo.

Ba za mu ɓoye muku cikas ba. Gara tana son kara kamar yadda akuya ke sonsa, don haka dole allo ya tashi daga ƙasa da kamar taki ɗaya, katakon kuma a shafa masa maganin gara. Jifsum ba ya shiri da ruwa, rufin da ke yoyo sai an toshe shi tukuna, kuma wannan kaya na cikin ɗaki ne, ba na waje ba. Ya fi PVC nauyi, gefensa kan ɓantare in an yi masa wurgi. Sannan kara ba shara ba ne a ƙasar nan, abincin dabbobi ne, makamashi ne, shi ne danga, a bazara kuɗi ne tsababa. Wanda zai yi wannan sana'a sai ya saya da kaka ya ajiye, ko ya karkata ga ɓuntu da kacalla waɗanda dabba ba ta damu da su ba.

Manoman albasa na Galmi, waɗanda suka san yadda rudu na ciyawa ke riƙe albasa watanni saboda inuwa da iska, su ne za su fi kowa saurin gane wannan magana, kuma ɗakunan ajiyarsu na cikin wuraren da za a fara gwadawa.

Har yanzu ba mu ga irin wannan allo a jere a gaban masu kayan gini ba, kuma ba ma jin kamfani zai kawo shi daga waje, tun da ribarsa tana cikin roba. Kungiyoyin ƴan kasuwa da matan da ke adashi su ne ke da ikon sa a yi shi, in rumfa goma suka haɗa kuɗi suka ba kafinta ɗaya da mai POP ɗaya aiki. Kafin a biya sauran kuɗin, a ɗauki allo guda a kai bayan kasuwa a hura masa wutar kara a fuska na minti goma, kowa ya taɓa bayansa da hannu. Sannan a samu rumfa biyu maƙwabta, ɗaya mai riga ɗaya marar riga, a rataya ma'aunin zafi a kowace, a riƙa dubawa da ƙarfe uku na rana har mako guda cikin watan Afrilu, a rubuta a takarda a liƙa a ƙofar sarkin kasuwa.